Turanci a makarantun ƙasar Gumel: Inda gizo ke saƙar

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar a Abuja cewa Gwamnatin Tarayya ta soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, kuma daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Tsarin da aka soke bai wuce shekara uku da haihuwa ba. A ƙarshen Nuwamban 2022 Majalisar Zartarwa ta amince da shi, a zamanin Malam Adamu Adamu, inda aka ce yaro zai yi shekara shida na firamare yana karatu da harshen da ake yi a garinsu. Hujjar da sabon ministan ya kafa ita ce sakamakon jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ya fi lalacewa a shiyyoyin da suka fi dogara da harshen gida a cikin aji.

An yi ta ka-ce-na-ce a kan sanarwar, sai dai yawancin muhawarar ta tsaya ne a kan wane harshe ya fi daraja. Abin da ya fi damun uban da ke biyan kuɗin jarrabawa daban ne. Shi yana so ya san dalilin da ya sa yaro zai shekara 12 ana yi masa darasin Turanci kusan kullum, ya kammala sakandare, amma ya kasa rubuta takardar neman aiki mai shafi ɗaya, ko cike takardar buɗe asusun banki ba tare da an kama masa ba. Amsar tana fitowa fili idan aka bar Abuja aka duba ƙananan hukumomi huɗu na Masarautar Gumel a arewacin Jihar Jigawa, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Harshe na biyu a takarda, baƙo a gari

Sunan Gagarawa Tasha kansa yana ɗauke da Turanci. Kalmar tasha daga "station" take, kuma ta zauna a wurin ne saboda layin dogon da ya tashi daga Kano ya ratsa ta nan, ya isa Nguru a 1930. Haka Hausa ta haɗiye mota da tebur da asibiti da burodi da fensir, ta narkar da su har ba a jin baƙuncinsu. Amma kalmomin aro ba su ne harshe ba, kamar yadda tarin bulo ba shi ne ɗaki ba.

Masana koyar da harsuna sun bambanta abu biyu da ake yawan cuɗanyawa. Akwai harshe na biyu, wanda yaro ke ji a titi da kasuwa da wurin wasa ko da ba shi ake yi a gidansu ba. Akwai kuma baƙon harshe, wanda ba ya haɗuwa da shi sai a cikin aji, idan an tashi daga makaranta sai gobe kuma. Dabarun koyar da su ba ɗaya ba ne. A na farko malami yana gyara abin da kunne ya riga ya kwaso ne, yana ɗora karatu da rubutu a kai. A na biyu kuwa malami shi ne titin, shi ne kasuwar, duk abin da yaron zai ji daga bakinsa zai fito.

A dokance Turanci harshe na biyu ne a Najeriya. Da shi aka rubuta Kundin Tsarin Mulki na 1999, kuma sashe na 55 ya sa shi a gaba a harkokin Majalisar Tarayya, ya ce za a yi da Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Ga yaron Legas ko Fatakwal ko Sabon Garin Kano, wannan siffa ta yi daidai, domin ko bai ji tsantsar Turanci ba zai ji na buroka tun yana rarrafe. Yaron Gagarawa Tasha fa? A gida Hausa, a masallaci Hausa da Larabci, a rediyo Hausa, a ƙofar hakimi Hausa. Ko a sakatariyar ƙaramar hukuma da Hausa ake tattauna aiki, sai an zo rubuta shi a fayil a koma Turanci. A kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ana cinikin shanu da raƙuma da tumaki na miliyoyin naira da Hausa da Fulatanci da Barbarci, wani lokaci a ji ɗan Faransanci daga baƙin Nijar, kuma da wuya a buƙaci jimlar Turanci guda kafin a sallama.

Saboda haka a wannan yanki Turanci baƙon harshe ne, amma manhajar da ake bi guda ce da ta Legas, an tsara ta a bisa zaton cewa yaron yana jin harshen a waje. Daga nan ne karkatar ginin ta fara. Ga ɗan Fulanin da ke zuwa daga ruga kuwa, Turanci shi ne harshe na huɗu da ake ɗora masa kafin ya cika shekara bakwai, bayan Fulatancin gida da Hausar gari da Larabcin makarantar allo.

Kaya uku a kai ɗaya

A ɗauki yarinya 'yar shekara shida da aka kai aji ɗaya. Ana so ta koyi cewa zanen da ke kan allo yana wakiltar sauti, wanda shi ne karatu. Ana so ta koyi sabon harshe. Ana kuma so ta koyi lissafi da kimiyya ta cikin wannan harshe da ba ta ji. Kowane ɗaya daga cikin ukun aikin shekaru ne. Idan aka ɗora su lokaci guda, abin da ya fi sauƙi ga ƙwaƙwalwa shi ne hadda, kuma yaran ƙasar Hausa gwanayen hadda ne. Sai a ga yaro yana rera shafi guda ba tuntuɓe, amma idan aka nuna masa kalma ɗaya a tsakiya ya yi shiru.

Wahalar tana farawa tun daga baƙaƙe. Rubutun boko na Hausa mai riƙon amana ne, kusan kowane harafi sautinsa ɗaya, yadda aka rubuta haka ake faɗa. Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai 44, kuma kimanin 20 daga ciki wasula ne. Hausa wasali biyar gare ta, kowanne da dogo da gajere, sai tagwaye irin su ai da au. Kunnen da ya tashi da wannan ma'auni zai ji "cat" da "cut" da "cart" kusan abu guda, haka "cot" da "court". Sunayen haruffan ma tarko ne. Harafin da Bature ke kira "e" sautin i ne a kunnen Bahaushe, wanda yake kira "i" kuma ai ne. Harafin c da yaro ya sani a ciki da cokali, a Turanci wani lokaci k ne, wani lokaci s. Jerin haruffan "ough" kuwa furucinsa daban a "though", daban a "through", daban a "tough", daban a "cough", kuma babu ƙa'idar da za a ba ɗan aji biyu ta raba masa su.

Sai sautukan da Hausa ba ta da su. Bahaushe ba ya bambanta p da f a harshensa, shi ya sa "primary" ta zama firamare, "prisoner" ya zama fursuna. Yaron da ya ce "fan" yana nufin "pan" ba wauta ya yi ba, ƙa'idar harshensa ya bi. Babu v, sai ya maye gurbinta da b. Babu sautin "th", sai "think" ta koma "sink". Gaɓar Hausa kuma ba ta farawa da baƙi biyu a jere, don haka baki ke cusa wasali a tsakani, har "screwdriver" ta zama sukurudireba. Ga kuma karin sauti: Hausa tana hawa da sauka a kan kowace gaɓa, Turanci kuwa yana danna gaɓa ɗaya ya murƙushe sauran, abin da ke sa mai koyo ya kasa gane kalmar da ya sani a rubuce idan ya ji ta a bakin mai harshen.

Akwai inda Hausa ke taimako, ga malamin da ya lura. Wanda ya san bambancin gari na zama da gari na tuwo ya riga ya san dogon wasali da gajere, kuma da wannan za a nuna masa ratar da ke tsakanin "ship" da "sheep" cikin minti biyar. Wanda ya san bambancin "wata mota" da "motar" ya kama rabin hanyar gane "a" da "the". Irin wannan gada sai wanda ya san gaɓar kogin biyu ke iya gina ta, kuma dokar da ta ce kada a yi Hausa a aji ita ce ke rushe ta.

Nahawu ya fi zurfi. Aikatau a Hausa ba ya sauya siffa saboda lokaci, wakilin suna ne ke ɗaukar nauyin: ya tafi, yana tafiya, zai tafi. A Turanci kalmar ce ke rikiɗa, kuma waɗanda aka fi amfani da su su ne suka fi taurin kai, "go" ta koma "went", "buy" ta koma "bought". A Hausa kowane suna tilo namiji ne ko mace, mota ta lalace, gida ya rushe, sai ga Turanci da "it" wanda ba namiji ba mace. A ɗaya ɓangaren kuma "you" guda ta haɗe kai da ke da ku. Kalmar ji a Hausa ta ɗauki sauraro da fahimta da ɗanɗano da sansana, Turanci ya raba su gida-gida. Ara da aro saiwarsu ɗaya, don haka "borrow" da "lend" ke rikita har manya. Wanda ya ce "I am coming" yana fita ƙofa, "ina zuwa" ya fassara. Mafi haɗari a wurin ganawar neman aiki ko gaban alƙali ita ce tambayar korewa. Idan aka ce wa Bahaushe "ba ka zo jiya ba?" ya ce "e", yana nufin bai zo ba. A Turanci wannan amsa "no" ce. Mutum na iya amsa laifin da bai yi ba a kan wannan kalma ɗaya.

Lissafin lokaci

Harshe yana cin lokaci, kuma an auna. Hukumar jarrabawar Turanci ta Cambridge ta kiyasta cewa mai koyo na buƙatar awa 350 zuwa 400 na koyarwa mai tsari kafin ya kai matsakaicin mataki, da awa 500 zuwa 600 kafin ya kai matakin da ke sama da shi. Farfesa Jim Cummins, wanda ya yi nazarin 'ya'yan baƙi a Kanada, ya nuna cewa yaro kan iya harshen hira cikin kimanin shekara biyu, amma harshen karatu, wanda ake bayanin kimiyya da tarihi da shi, yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Waɗannan kuwa yara ne da ke zaune a tsakiyar masu Turanci dare da rana. Wani masanin, Paul Nation na New Zealand, ya kiyasta cewa karanta jarida ko littafin labari ba tare da ƙamus ba yana buƙatar sanin tushen kalmomi dubu takwas zuwa tara.

Yanzu a yi lissafin aji. A ce darasin Turanci minti 40 ne, sau biyar a mako, mako 36 a shekara. Awa 120 ke nan, idan malami bai yi fashi ba, ba a yi yajin aiki ba, yaron ma bai tafi gona ba. A ƙasar da gero da riɗi da zoɓo ke neman hannu lokacin girbi, ranar kasuwa kuma ke kwashe yara zuwa talla da kora dabbobi, kowa ya san wannan adadi a takarda kawai yake cika. Idan kuma yara 80 ne a ajin, ko malamin ya yi shiru gaba ɗaya ya bar musu filin, rabon kowane yaro na magana rabin minti ne a rana. Ba a koyon iyo da rabin minti a ruwa.

Wa ya koya wa malamin?

Dattawa kan tuna Turancin mutanen da, su ce yara sun lalace. Gaskiya ne Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta yaye mutane irin su Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daɗin furucinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Sai dai a tuna yadda aka yi. Ɗalibai kaɗan ne zaɓaɓɓu, suna kwana a makaranta, Turawa masu harshen ne ke koyar da su, ana kuma ba furuci kulawa ta musamman. Abin da ake mantawa shi ne akasarin mutanen wancan zamani da Hausa suka yi elementare, tun daga makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Sun iya karatu da rubutu da lissafi da harshensu kafin Turanci ya same su sosai a midil.

Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yaran da suka fito sun zarce lissafin gwamnati, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa. Buɗe ƙofa ga kowa alheri ne, amma tun daga lokacin yawan azuzuwa ya tsere wa yawan malaman da suka mallaki harshen. Wanda ya koyi Turanci ta hadda ya zama malami, ya koyar ta hadda, ɗalibinsa ma ya zama malami. A 2017 Gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su sami makin da ta gindaya ba. Ƙungiyar malamai ta ƙi amincewa da yadda aka shirya jarrabawar, kuma tana da nata hujjojin, amma ko an rage adadin da rabi abin tsoro ne, kuma babu dalilin zaton cewa matsalar ta tsaya a kan iyakar Kaduna.

Yankin Gumel yana da gata guda da wurare da yawa ba su da shi, wato Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke cikin garin, wadda ke yaye masu shaidar NCE tun zamanin tsohuwar Jihar Kano. Amma kwaleji tana aiki ne da wanda aka turo mata. A 'yan shekarun nan mafi ƙarancin makin JAMB na shiga kwalejojin ilimi 100 ne cikin 400, ƙasa da na jami'a, ma'ana aikin da ya fi kowane buƙatar gwanin harshe shi aka fi sassauta wa ƙofa. Wanda ya fito da ƙwarewa kuma ba ya daɗewa a ƙauye. Dutse na kiransa, Kano na kiransa, makarantun kuɗi da sauran ma'aikatu na kiransa, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Abin da ke faruwa a aji sananne ne ga duk wanda ya taɓa leƙawa. Malami ya rubuta darasi da Turanci a allo, ya karanta, yara su amsa baki ɗaya, ya yi bayani da Hausa, a kwafe a littafi. Ba a koyar da karatun Hausa da tsari ba, ba a kuma koyar da maganar Turanci ba. Malamin ba mugunta yake yi ba, dabarar da ta rage masa ke nan don kada a tashi ba a fahimci komai ba. Sanarwar Abuja ba za ta sauya wannan aji ba, kamar yadda ta 2022 ba ta sauya shi ba.

Ƙofar da kowa zai bi

Duk da haka ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, kuma a jarrabawar JAMB tambaya 60 cikin 180 nasa ne, kowane fanni mutum zai karanta. Jarrabawar WAEC tana neman insha'i da auna fahimta da taƙaita rubutu, har da takardar gwajin furuci, wadda abin mamaki a rubuce ake amsa ta. Ɗalibi na iya cinye ta bai buɗe baki ba. Abin da jarrabawa ke tambaya shi malami ke koyarwa, don haka magana da sauraro, waɗanda su ne tushen harshe, suka zama 'yan bora.

Nauyin da ke kan wannan darasi guda ya fito fili a Agustan 2025. WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure a makin wata takardar Turanci, adadin ya koma kashi 62.96. Ga ɗan kasuwar riɗi ko dillalin shanu, lamarin bai tsaya a jarrabawa ba. Takardun kwastam da na banki da yarjejeniyar mai saye daga waje duk da Turanci suke, kuma wanda ɗansa bai iya karanta su ba dole ya biya wani, ya kuma yarda da duk abin da aka karanta masa. Iyayen da ke neman Turanci ga 'ya'yansu suna da gaskiya. Saɓanin a kan hanya yake.

Abin da aka gwada

Hujjar ministan tana da rauni ta fuskar lokaci. Ɗaliban da suka zauna WAEC a 2025 sun shiga aji ɗaya ne wajen 2013, suna sakandare aka zo da tsarin 2022. Shi kansa Malam Adamu Adamu ya faɗa a ranar sanarwar cewa aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malamai. Tsohon tsarin ilimi na ƙasa na 1977, wanda ya ce a yi shekarun farko na firamare da harshen gari sannan a koma Turanci, shi ma ba a taɓa ba shi kayan aikin da zai tsaya da ƙafarsa ba. Da wuya a yanke wa magani hukunci alhali ba a sha shi ba.

Inda aka sha shi an ga aiki. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka gudanar da gwajin da aka koyar da yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Masu kafa hujja da gwajin Ife sukan tsallake rabin labarin: a azuzuwan gwajin na asali, ƙwararren malami aka ware wanda aikinsa Turanci kawai. Harshen uwa shi kaɗai bai koya wa kowa Turanci ba.

Ƙasar Malesiya ta bi ɗaya hanyar. A 2003 ta mayar da koyar da Lissafi da Kimiyya zuwa Turanci, a 2009 ta sanar da janyewa, kuma cikin dalilan akwai yadda yaran karkara suka koma baya da ƙarancin malaman da suka iya harshen. Hukumar British Council, wadda a taronta ne aka yi sanarwar Abuja, ta fitar da matsaya tun 2017 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ya fi kyau a koyar da ƙananan yara da harshen da suke ji, a koyar da Turanci a matsayin darasi mai inganci. Idan mai kaya ya ce kada a yi gaggawar ɗaukar kayansa, ya kamata a saurara. A tsallaken Maigatari ma Nijar ta daɗe tana wannan kokawa da Faransanci, kuma a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki.

A Arewa an riga an samar da kayan somawa. Shirin RANA a Katsina da Zamfara da shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato sun wallafa littattafan koyon karatu da Hausa na ƙananan azuzuwa, Jigawa kuma tana cikin jihohi shida da shirin ESSPIN ya yi aikin horar da malamai daga 2008 zuwa 2017. Matsalar irin waɗannan shirye-shirye ita ce da kuɗin masu tallafi suke tafiya, idan wa'adi ya cika sai littattafan su tsufa ba a sake bugawa ba.

Shaidar da ta fi kusa ma tana cikin garuruwan kansu. Larabci baƙon harshe ne a Gumel kamar Turanci, amma zauruka sun daɗe suna fitar da mutanen da ke karanta manyan littattafai da shi. Malamin ya san harshen, ɗalibi na zaune gabansa shi kaɗai idan layinsa ya zo, ana fassara masa kalma bayan kalma da Hausa, ba a wuce shafi sai ya zauna. Direban da ya yi shekara biyu yana kai shanu Kudu yakan dawo da Turancin buroka a bakinsa, matasan da suka tashi da finafinan Indiya kuma wasunsu na jin Indiyanci ba wanda ya koya musu. Kan yaran lafiya lau yake. Abin da waɗancan suka samu shi ne yawan ji da kuma wanda ya iya.

Idan za a ɗauki Turanci a matsayin baƙon da yake a wannan yanki, aikin a bayyane yake, ko da ba mai arha ba ne. Shekara biyun farko a yi shi da baki, da gaisuwa da umarni da wasa da labari, alhali yaro na koyon haɗa baƙi da wasali da Hausa. A ware malamin Turanci na musamman, ko da zai riƙa zagaya makarantu biyu ko uku da babur, a ba shi alawus da zai zaunar da shi a Sule Tankarkar ko Gagarawa. A sa muryoyin masu kyakkyawan furuci a rediyo da katin waya, tunda wayar ta riga ta shiga kowane ƙauye. A kawo ƙananan littattafan labari masu yawa da yaro zai tafi da su gida. Tura malamai da sayen littattafan firamare aikin Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta jiha ne da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, ba sai an jira Abuja ba.

Uba ko uwa na iya gano inda ɗansu ya tsaya cikin minti goma, ba tare da duba katin sakamako ba. A ba ɗan aji huɗu gajeren rubutun Hausa da bai taɓa gani ba ya karanta, ya faɗi abin da ya fahimta. Sannan a yi masa tambaya uku masu sauƙi da Turanci waɗanda ba sa cikin littafinsa, kamar me ya ci da safe, ko wa ya raka shi makaranta. Idan ya karanta Hausar ya kasa amsa tambayoyin, mai yi masa magana da Turanci yake buƙata. Idan ya kasa duka biyun, karatun ne bai kama ba tukuna, kuma kuɗin darasin Turanci na yamma gara a fara kashe su a kan wanda zai zauna da shi ya koya masa haɗa baƙi.